Awon Iska a Farin Gada

Shida saura kwata, sanyi na cizon kunne,
ina gasa yatsu a kan gawayi,
sai ga jif ɗin marigayi Alhaji Barau
ta tsaya gaban injina, gindinta a ƙasa
kamar jakin da aka ɗora wa kayan jaki biyu.

Ɗansa Nafi'u ne a sitiyari.
Buhu shida na dankalin Bokkos a baya,
da kabeji, da gwaggo biyu da akwatunansu.
"Baba Ilu, danna mata iska, Abuja za mu.
Hamsin hamsin. Ga shi nan a jikin tayar."

Na ce, yaro, wannan lambar iyaka ce,
bakin rijiya ne, ba wurin zama ba.
Buɗe ƙofarka ka duba jikin ginshiƙi.

Taya ciki ce.
Ka cika ta tam, cibiyarta kaɗai ke taɓa kwalta,
ta yi ta tsalle a ramukan Riyom,
birki ya kira ta, ta yi kunnen uwar shegu.
Ka bar ta da yunwa, kafaɗunta su cinye,
tana nishi, tana ɗaukar zafi a ɓoye,
har ta fashe maka a gangaren Hawan Kibo,
inda kwari ba ya jin ban haƙuri.

Kuma yanzu ake awo, tun tana da sanyi.
In kun sauka Akwanga, rana ta buɗe,
geji zai hau da uku ko huɗu.
Kada wani mai faci ya ce zai rage maka.
Zazzaɓin tafiya ne, da kansa yake sauka.

Ya buɗe ƙofar.
Takardar kamfani ta koɗe, ba ta karantuwa,
amma a ƙasanta, kan guntun filasta,
da jan biro, rubutun uban ne:
gaba talatin da uku,
baya talatin da takwas in da kaya,
a tambayi Ilu.

Bai ce komai ba.
Gwaggo ɗaya ta juya fuska wajen gilashi.

Na durƙusa, na bi su ɗaya bayan ɗaya,
na ɗiga yawu a bakin kowane bawul
in ga ko zai yi kumfa.
Ta hagu a baya ashirin da shida take, munafuka,
ga ta a ido kamar lafiyayya.
Safaya kuwa, da ke rataye a ƙarƙashi,
tun bara ba wanda ya gaishe ta.
Sha biyu na samu.

Ya miƙo dubu ɗaya. Na ba shi canji.
Ya tsaya yana shafa filastar da babban yatsa,
gefen da ya fara ɗagowa,
kafin ya rufe ƙofar a hankali.

Na bi su da ido har kwanar kasuwar tumatir.
Gindinta ya ɗan ɗago.
Gawayina ya mutu, sai na sake hurawa.