Masu Cin Masarar Mma Zaliya

A Aboabo, bayan babbar kwata,
Mma Zaliya ta yanka wake-wake,
wadda ta daina ƙwai tun azumi,
ƙirji kamar bakin wuƙa.

Ta tsaga hanji.
Ga su farare, suna motsi kamar taliya.
"Ashe ku nake ciyarwa!"

Da sassafe ta hau torotoro zuwa Kejetiya,
ta dawo da ƙullin magani a bakin zane.
Ta hana sauran ruwa har hantsi,
ƙishi ya sa suka shanye ɗacin.

Ta kankare kashin akurki, ta barbaɗa toka,
kaskon sha ya hau bulo.

Jikanta Munkaila ya miƙa hannu ga ƙwai.
"Kul! Likita ya ce a jira."

Da magariba ta ƙirga su: shida.
Ta sake ƙirgawa.