Uwar Garke

Don mutum goma sha biyu aka saye ta,
akantocin wani ofishin ulu a Narin.
Ta riƙe musu takardu, ta raba musu wasiƙu,
ƙarfe biyar su kashe fitila, ta kwana tana minshari.
Da ofishin ya karye, Talantbek ya ɗauko ta a bayan mota
lulluɓe da bargon doki,
ya ce, "Bermet, da wannan za mu fara."

Muka fara. Gida talatin, gida ɗari.
Kebul ya bi turakun lantarki ya haye kogi,
ya shiga makaranta, ya shiga shagon mai gyaran takalma,
har asibitin da ke gindin dutse.
Yau sunaye dubu huɗu da ɗari biyu ke cikinta,
ita kuwa tana nan yadda aka haife ta:
fanka biyu, ɗaya na tari.

Ƙarfe tara na dare nake tsoro.
An gama tatsa, an kife kofuna,
iyaye mata su kira 'ya'yansu a Mosko
duk a lokaci guda, kamar an kaɗa musu ƙararrawa.
Layi ya yi tsawo a bakin ƙofarta,
kowa da sunansa da kalmar sirrinsa a hannu,
tana duba su ɗai-ɗai
kamar tsohuwa mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Fuskar ɗa ta daskare a allo, baki buɗe.
Wayar ofis ta hau ruri. Ni ce mai laifi.

Talantbek ya ce a ƙara mata ƙwaƙwalwa.
Na ƙara. Ta yi mako uku tana numfashi.
Sabon akumari ba ya mai da jaki raƙumi.

Kakata ba ta taɓa ɗora tanti da tukwane da jikoki
a bayan doki ɗaya ba.
Na tafi Bishkek na yi cinikin na'ura biyu 'yan gwanjo,
na rungume su har muka gangaro daga Dolon,
direba na tambaya ko jarirai ne.

Daren Talata, ƙarfe uku, dusar ƙanƙara na zuba,
na raba gado mai shi na da rai:
wasiƙu ga wannan, sunaye ga waccan,
tsohuwar ta koma bakin ƙofa
tana nuna wa kowa inda zai bi.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Dubu huɗu da ɗari biyu cif.
Na shimfiɗa kwali na kwanta da takalmi.

Da safe sai ga wani dattijo, Ömürbek.
Ya kakkaɓe ƙanƙara, ya cire farar hularsa,
a cikinta ya rubuta kalmar sirri da biro.
Ya ce, "'Yata, na'urarki ta ce babu ni."
Na duba. Yana nan, amma ba shi ba ne.
Sabuwar ba ta san harafin farkon sunansa ba,
ta dasa alamar tambaya a gurbin.
Su ɗari da sittin da uku ne haka.
Lissafi ya cika, mutane sun ɓata.

Nasa na fara gyarawa, amma bai tafi ba.
Ya jawo kujera kusa da tsohuwar
yana ɗumama tafukansa a iskar fankarta,
yana ba ni labarin ɗansa mai liƙa tayil,
wanda bai ji cewa goɗiyarsa ta haihu ba.
Ni kuma ina mayar wa kowa harafinsa
da yatsa ɗaya, don sauran sun ƙage.

Tara saura kwata na gama na ƙarshe.
Tara ta buga. Fitilu uku suna ƙifta ido.
Wayar ofis ta yi tsit.
Na ɗaga ta na kara a kunne
in ji ko mutuwa ta yi.