Shimfiɗa ta Arba'in da Bakwai

Iskar Neuquén ba ta sallama.
Tun asuba take marin tantinmu,
ta fizge hular Farfesa Painemal ta kai wa ƙaya.
Muka kama gangaren kogin Agrio,
ita da guduma,
ni da allon gilashi rataye a wuya kamar laya.

Daga ƙasa ake fara karatu, in ji ta,
na ƙasa shi ne wa, na sama ƙane.
Na buɗe manhaja, ta jero tambayoyi
kamar malamin ƙidaya da bai karya kumallo ba:
Kauri nawa? Launi fa?
Ƙwayarsa laka ce, yashi ne, ko tsakuwa?
Zaɓi ɗaya.

Shimfiɗa ta fari, dutsen yashi, kamu biyu,
na mayar da su santimita.
Ta tara, sawun igiyar ruwa ya daskare a gadon bayanta,
gefe a kishingiɗe, gefe a tsaye:
ashe gabas ruwan ya nufa
tun babu bakin da zai ce gabas.
Ta sha shida, taɓo ne da rana ta tsaga
kamar kaushin diddige,
yashi ya biyo baya ya cike tsagun, ya rufa masa asiri.
Ga ramin tsutsa, mai gidan ya fita bai dawo ba.
Ga dodon koɗin teku, naɗe kamar gammo,
a kan tudun da ko raɓa sai an roƙa.
Na latsa, na latsa,
kowane dutse ya shige akwatinsa ba gardama.

Sai ta arba'in da bakwai.

Toka-toka ce, mai taurin kai.
Na ɗiga mata asid, ta ɗan yi kumfa ta haɗiye sauran,
kamar wanda ya fara magana ya tuna ba a tambaye shi ba.
Farfesa ta ɓantari guntu ta sa a haƙori,
ta tauna, ta lumshe ido.
Akwai ƙasa-ƙasa, ta ce, ta tofar.
Shekara talatin tana cin duwatsu,
giɓin gabanta ne shaida.

Laka ba laka ba, farar ƙasa ba farar ƙasa ba,
jemage ke nan, tsuntsaye sun ƙi, dabbobi sun ƙi.
Na bar gurbin fayau na taɓa Adana.
Manhaja ta yi jan ido: Cika wannan gurbi.
Na sake. Ta sake.

Muna cikin haka Don Nicanor ya gangaro da awakinsa,
ya miƙo mana mate a ɗan ƙoƙo, ɗaci har ƙeya.
Ya dubi dutsen kamar tsohon maƙwabci.
Wannan? Malasa muke ce mata.
Awaki na lasarta bayan ruwa.
In ta jiƙe kada ka taka,
nan alfadarin babana ya karya ƙafa.

Na bi jerin har gindi,
can ƙarshe, ƙarƙashin kowa, aka ajiye Wani Daban.
Na san gurbin.
Kakata daga tsaunin nan take, kakana jirgin ruwa ya kawo shi,
na sha tsayawa da biro a kan takarda.
Na latsa shi.
A ɗan filin ƙarin bayani na rubuta kumfar,
na rubuta haƙorin Farfesa, da awaki,
ina cikin alfadari haruffa suka ƙare.

Da dare manhaja ta zana mana ginshiƙin yini:
ɗigo-ɗigo na yashi, tubali-tubali na farar ƙasa,
a tsakiya wani siririn layi fari fat.
In gyara? na tambaya.
Farfesa na cire takalmi, ba ta ɗago ba.
Gobe ki tauna da kanki, Anahí, ta ce,
sannan mu yi magana.