Rami Huɗu

Da hannuna na danne ta ƙasa,
motar Baba, mai ruwan toka.
Na yanke sifirin, na sa mata birki mai kauri,
har cikinta na sumbatar kwaltar Diadema.
Sai tsoffin wili suka ce ba da su ba.
To, kowa ya sayi rariya.

Rami huɗu nake nema
a kan da'irar milimita ɗari,
inci goma sha biyar, kada ya ɗara.
Kada ya leƙo waje ya ci madigadi,
kada ya shige ciki ya goge birki.
Na rubuta duka a bayan takardar burodi,
don burodi nake gasawa, tun ƙarfe ɗaya na dare.

A babban shago suna bayan gilashi,
suna walƙiya kamar haƙoran attajiri.
Yaron ya faɗi farashi: albashina na wata uku.
Na ce zan dawo.
Da ni da shi mun san ƙarya nake.

Asabar ta farko, wurin ƴan gwangwani,
Josenildo ya rantse da kabarin uwarsa
sun dace. Na durƙusa na ƙirga.
Rami biyar.

Asabar ta biyu, bas biyu zuwa Mauá.
Fenti sabo, har yana kama yatsa.
Na ƙwanƙwasa da sifana ɗaya bayan ɗaya,
uku suka yi ƙara tangaran,
na huɗu ya yi tari irin na tsoho.
Tsaga ce aka lulluɓe.
Mai su ya kalli sama, wai hadari ya haɗo.

Na uku ma na saya, kar ku tambaye ni.
An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima;
nawa bai sani ba.
Milimita uku, kaurin kwabo biyu,
suka hana taya juyawa.
Na sayar da hasara.
"Araha ba ta ado," in ji Cleonice,
tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Sai ran Talata, ina kai burodi,
a gangaren da motar shara ba ta shiga,
na hango su ta ƙofar Dona Nilzete,
jere jikin bango, ƙura ta cinye haskensu.
Na ɗanta ne, ya tafi Lisbon shekara shida,
yana kira ran Lahadi, in ya tuna.
Na zaro takardata, na zaro ma'auni.
Huɗu. Ɗari. Sha biyar.
Hannuna na rawa, na sake aunawa.

Amma uku ne.

"Na huɗun fa?" Ta nuna da haɓa.
Yana tsakar gida a kwance, cike da ƙasa,
barkono ya fito ta cikinsa ya yi ja.
Ta ce ukun, ka ba da abin da ya sauwaƙa.
Wannan kuwa, ko nawa ne, a'a,
sai in ka samo wa barkonon gida.

Na sayo tukunyar yumɓu, mafi girma a kasuwa.
Muka dasa shi tare, tana yi mini faɗa
kada in tsinka saiwa.
Ta ƙara da sharaɗi: burodi biyu kullum,
masu zafi, ba na jiya ba.

Daren Juma'a na ɗaga jak.
Noti huɗu suka shige kamar sun san hanya.
Na juya taya da tafi, na kasa kunne.
Shiru.
Tsakanin wili da birki, da kyar takarda ta wuce,
amma ta wuce.

Yanzu in na zo tudun rage gudu
sai in hau a karkace, a hankali,
na baya suna ta oda, su suka sani.
Na wanke na huɗun sau biyar da sabulu.
Har yau in ta kwana a gareji
ina tarar da ƴar jar ƙasa
ƙarƙashin tayar baya ta hagu.