Allon Rukuni

A Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa
inda na shekara goma sha tara ina ƙirga bandir,
yanzu maki nake ƙirgawa.
Baƙin allo jingine da bangon gidan kallon Jatau,
guntun alli a aljihun gaba.

Ƙungiya huɗu, saura wasa ɗai-ɗai.
Larabawa sun yi gaba da sha biyu,
ko waiwaye babu.
'Yan Kongo takwas. Mu bakwai.
Na ƙasa, bayin Allah, ɗaya tal,
kamar haƙorin da ya rage wa tsoho.

Sau biyu muka lallasa na ƙasan nan.
Mun yi wa golansu dariya,
dogo, siriri, mai suna kamar tari,
Tanimu ya ce kwando ne aka sa wa safar hannu.
Yau kuwa shi ne ɗan'uwanmu.
In bai tare ba, cinmu banza ne.

Jatau ya kunna talabijin biyu:
babbar tamu, ƙaramar ta ƙaddara.
Naira ɗari biyu a bakin ƙofa.
Bitrus ya zo daga Sabon Tasha da rigar kulob da ta koɗe,
Mudi ya tsallako gada daga Tudun Wada,
bencinsu ɗaya, gyaɗarsu ɗaya,
zaginsu ga alƙalin wasa ma ɗaya.

Minti na sittin da uku,
yaronmu mai lamba sha ɗaya
ya yanke ɗaya, ya yanke biyu,
ya aika ta can inda gizo ke saƙa.
Kwanon rufi ya amsa.
Wani ya taka mini ƙafa, na yafe masa duniya da lahira.
Ladidi mai awara ta leƙo da matsami a hannu:
«Mun wuce?»
Na ce, tukuna.
Lissafi ba ya jin ihu.

Sai kowa ya juya wa nasararsa baya.
Mutum saba'in, wuya a karkace,
muna kallon akwatin da bai fi faranti ba,
inda ake ruwa a wani gari da ba mu taɓa zuwa ba,
dogon nan yana faɗuwa dama, yana faɗuwa hagu,
taɓo har gira.
Tanimu, mai maganar kwando,
na ji shi a hankali: «Allah ya ƙarfi hannunka, ɗan albarka.»

Casa'in ta cika. An ƙara huɗu.
A ta ukun aka busa fanareti,
a daidai nan janareta ya yi tari biyu, ya mutu.

Duhu.
Ba wanda ya zagi Jatau.
Bitrus ya laluɓo 'yar rediyonsa,
muka kewaye ta kamar masu jin ɗumi,
wani bakin Faransa yana ta zuba,
ba mai ji, sai Mudi da ya taɓa dakon kaya a Maraɗi.
«Ya tare!» in ji shi.
Muka tashi.
«Tsaya. Ta dawo. Sun sa.»

Ranar da aka rufe masaƙa
sashenmu ya wuce adadin da aka yanka masa.
Ni na rubuta, da hannun nan.
Da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Na haska allon da fitilar waya.
Kongo sha ɗaya. Mu goma.
Na gyara sifirin ya zauna daidai,
don aikin akawu ba ya fushi.
Da na zo kan na ƙasa
sai na tsaya, alli a sama.
Ɗaya ne dai, bai ƙaru ba.
Na sake bin sa, ya yi kauri.

Ladidi tana kwashe kasko.
Ta ce, «Baba Akawu, yaushe kuma?»
Na ce, baɗi.
Ta ce to in biya ta awarar jiya.