Mai Cike Tsakani

A bene na bakwai, inda kogin Pasig
ke jan leda da kainuwa ta ƙarƙashin tagarmu,
nan kujerata take, ni Luningning,
shekara goma sha tara baya a sunkuye.

Manyan masu zane su ke da fuskoki.
Su zana ƙofa a buɗe, su zana ta a rufe,
su turo mini: cike tsakani.
Sunana ba ya hawa allo sai can ƙarshe,
bayan an kunna fitila,
masu shara sun shigo da tsintsiya.

Fim ɗin bana na wata 'yar ƙaguwa ce
da ta ƙi kwanson da uwarta ta goge mata,
ta tare a gwangwanin sadin mai tsatsa.
Rabona a ciki rabin daƙiƙa:
inda take jan murfin, garam, a fuskar uwar.
Zane goma sha biyu. Kwana uku na yi a kai.

Ban nemi a kwatanta mini ba.
A gida ina da Amihan, sha huɗu,
wadda ta datse gashinta da almakashin kifi
ranar da na karanta littafin da ta ɓoye a cikin matashi.
Ta ce, Mama, ke ba kallona kike ba,
gyara ni kike, kamar layin da ya karkace.
Na buɗe baki in ce ni na haife ki,
ƙofa ta riga ni magana.
Kalandar coci ta faɗo daga ƙusa.

A fim kuwa, komai da lokacinsa.
Minti na saba'in guguwa ta taso,
uwa ta kutsa cikin igiyar ruwa,
masu goge arba'in su ja baka,
iyaye a duhun sinima su share ido da bayan hannu,
yara na tambaya ko gugguru ya ƙare.
Minti na tamanin an shirya.

Mu ma guguwa ta zo mana, daren Laraba.
Kwano ya yi yoyo wuri biyar.
Ta miƙo bokiti, na karɓa,
na miƙa tsumma, ta karɓa,
ba wanda ya ja goge.
Da ruwa ya tsagaita ta koma ciki, ta sa sakata.

Zan faɗi abin da ban gaya wa shugaban sashe ba.
A zane na bakwai, murfi ya kusa haɗuwa,
na juyo da idon 'yar ƙaguwar baya,
ɗigo ɗaya, wajen uwarta.
Ba ya cikin takardar umarni.
Zai gifta da saurin da ido ba ya kamawa,
a Manila, a biranen da ban san sunansu ba.
Na sa shi ne don ina ganin na gan shi
a daren kalanda. Ko kuwa so na yi in gani.

Ni ma na taɓa bar wa tawa uwar shinkafa a wuta
na hau jirgin ruwa daga Samar da fensir biyu.
Ba ta rayu ta ga ko ɗaya daga ƙofofina ba.

Yau kwana tara.
Na sauka daga jifni, ƙafa jiƙe,
na soya busasshen kifi, na zuba ruwan tsami a ɗan kofi
yadda take so, da barkono ɗaya a fashe.
Ƙofarta na buɗe faɗin yatsa biyu.
Haske na zubowa a siminti.

Sana'ata ta koya mini wannan dai:
zane ɗaya ba ya faɗin inda ƙofa ta dosa,
sai an ga na bayansa.
Ina tsaye da faranti.
Kifin yana hucewa.