Ƙafa Ɗaya

Ran Alhamis nake zuwa, in na kulle shagon ɗinki,
in hau babur daga Jakmel, teku na hannun dama,
zuwa gidan da cocinmu ta kama bayan gonar ayaba.
Yara goma sha tara ne a ciki.
Ni ba albashi nake karɓa ba.

Wideline ne sunanta, da ƙyar aka tono shi,
don a gidan da aka ɗauko ta "ke" ake cewa, ta amsa.
Shekara tara, in ji likita, bayan ya duba haƙora.
Kawunta ya kai ta birni, wai za a sa ta karatu.
Shekara huɗu tana goge takalman 'yan makaranta,
ba ta taɓa ganin cikin aji ba.

Mun ba ta gado, da zanen da na ɗinka da hannuna.
Da asuba sai a same ta ƙarƙashin teburin kicin,
ta naɗe kamar gammo a kan buhun gawayi.
Ƙarfe huɗu ta ɗauki bokiti,
ta nufi famfo cikin duhu,
alhali ba a aike ta ba.

In an zuba shinkafa da wake, a tsaye take ci,
baya ga bango, ido ga ƙofa,
ƙanzo kuma a aljihu.
Na ce, "Zauna, 'yata." Ta dubi kujerar
kamar tarko aka ɗana mata,
ta ce ita ba ta gaji ba.

Fasto Dieuseul ya ce, "Madam Guerline, sai haƙuri.
Igiyar da ta daɗe a wuya,
ko an kwance ta, shatin bai ɓace ba."

Na gyaɗa kai. Akwai abin da na haɗiye.
A gidan mahaifina ma an yi wata,
Jesula, sa'ata, mai wushirya.
Ita ke riƙe mini jaka har ƙofar makaranta, ta juya.
Ran Lahadi muna bencin gaba muna rera yabo,
tana gida tana figar kaza.
Wata safiya na tashi babu ita.
Na tambayi wa zai wanke mini safa,
ban tambayi inda ta tafi ba.

Alhamis ɗin makon Ista muka jera yaran a benci
za mu wanke musu ƙafa,
yadda Ubangijinmu ya yi a darensa na ƙarshe.
Na durƙusa, gwiwa na ƙara, shekara sittin da biyu.
Wideline ta yi wuf ta cafke kwanon:
"Madam, aikina ne, za a doke ni!"
Ta ja, na ja,
ruwan ya kife a kan farar rigata ta coci.
Ɗakin ya yi tsit.
Ta kare kai da hannuwa, ta runtse ido.
Ni kuwa na zauna daɓas cikin ruwan,
dariya ta kufce mini, hawaye na bin ta a baya.
Ta leƙo ta tsakanin yatsu, tana jira, tana jira.
Marin bai zo ba.

Ƙafa ɗaya ta miƙo mini.
Tafin kamar bayan kunkuru, duk faso,
ga tabon garwashi kusa da diddige.
Ɗayar ta kafe ta a ƙasa
ko da gudu zai kama.
Na wanke wadda aka ba ni,
ban nemi ta biyun ba.

Har yau ƙarƙashin tebur take kwana.
Makon jiya na kawo tabarma na shimfiɗa gefenta.
Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi raɗa:
"Ke kuma laifin me kika yi?"
Na ce, "Yi barci, dare ya yi."
Da numfashinta ya daidaita na yi addu'a,
na kira sunan Jesula, karo na farko da baki.
Ko tana da jikoki a wani ƙauyen kan dutse,
ko ƙasa ta daɗe da rufe mata ido,
Ubangiji, kai ka sani,
ni ban sani ba.